Gargaɗi ga Iyaye da Malaman Ƙasar Zuru: A Daina Gantsarar da Ƙananan Yara

Duk mai ɗa ko 'ya da ba su kai shekara 10 ba, a cikin garin Zuru yake ko Dabai, a Ribah, Mahuta ko Dirin Daji, ya kira yaron yau ya tambaye shi abin da ake sa su yi a filin wasan makaranta. In a ciki akwai gantsarewa, wato yaro ya tsaya a miƙe ya lanƙwashe ta baya har tafin hannunsa ya dafa ƙasa, cibiya na kallon sama, to gobe da safe a je wurin hedimasta a ce a cire shi daga wannan layin. Wasan nan yana iya shanye ƙafafun yaro har ƙarshen rayuwarsa, alhali ko ƙashi ɗaya bai karye ba, ba jini, ba kumburi.

Inda aka fi ganin wannan masifa ita ce ƙasar Sin, inda iyaye ke tururuwar kai 'yan mata ƙanana ajin rawa da na lanƙwasa jiki. Likitocin can sun ce daga 2005 zuwa 'yan shekarun nan yaran da suka shanye ta wannan hanya sun haura 1,000, akasarinsu mata 'yan ƙasa da shekara 10. Abin ya kai a watan Nuwamba na 2023 Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar ta fitar da sanarwa tana jan kunnen iyaye da masu horarwa a kan gantsarar da yaran da ba su cika 10 ba. Ƙasa ce da ta yi suna a wasannin alkafura a duniya, tana da katifun faɗuwa da ƙwararrun masu koyarwa, amma ta ga dole ta taka birki. Mu kuma bidiyon ne kawai ya iso mana ta waya. Yara na kallo a TikTok suna gwadawa a tsakar gida, wasu makarantu na sa shi cikin nunin ranar gasar wasanni ko na Ranar Yara ta 27 ga Mayu don a burge manyan baƙi, a kan tsandauri ko siminti, malami ɗaya da yara cike da fili.

Labarin da likitoci ke rubutawa kusan iri ɗaya ne kullum. Yarinya ta gantsare, hannu ya goce ko ƙarfinta ya ƙare, ta zube a kan bayanta. Faɗuwar ba ta taka kara ta karya ba. Ta tashi da kanta, ta ce bayanta na ciwo, ko ƙafarta na yi mata minjirya. Malami ya ce ragwanci ne, ta share hawaye ta sake. Ta sake ɗin. Aka tashi ta tako zuwa gida da ƙafarta, tana ɗan jan ɗaya. Ta kwanta a tabarma. Kafin a gama tuwon dare an kira ta ta kasa tashi, a tsunkule ta a cinya ba ta ji, mara ta cika tim amma fitsari ya ƙi fita. Yawanci daga minti kaɗan zuwa sa'o'i kaɗan ke nan tsakanin faɗuwa da shanyewa. Mafi yawan waɗanda lakarsu ta mutu gaba ɗaya ba su sake takawa ba, kuma da suna girma sai gadon baya ya karkace, ƙugu ya goce.

Na san amsar da za a ba ni: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, jikin yaro ai roba ne. Gaskiya ne ƙashin bayan yaro yana da laushi, mahaɗansa na miƙewa fiye da na babba. To a nan haɗarin yake. A cikin ramin ƙashin nan laka ce kwance, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu da mafitsara da hanji, ita kuwa ba ta miƙewa yadda ƙashin ke yi. Tun 1960 aka auna a jarirai: gadon baya na iya miƙewa wajen inci 2 bai lalace ba, laka kuwa ba ta wuce kwatan inci take tsinkewa. Idan yaro ya gantsare ƙwarai, ƙashi ya bi, laka ta ɗame, ƙananan jijiyoyin da ke kai mata jini su matse. Yaro ya miƙe, ƙashi ya koma mazauninsa lafiya lau, ɓarnar kuma ta riga ta auku a ciki. Ga shi kan ƙaramin yaro ya yi wa jikinsa nauyi, hannuwansa gajeru, naman ciki da na baya ba su yi ƙwarin da za su riƙe shi in ya tafi ba.

Shi ya sa hoton ƙashi ke yaudarar mutane. A 1982 wasu likitoci biyu a Amurka, Pang da Wilberger, suka bayyana yaran da lakarsu ta ji rauni amma hoton ƙashinsu ya fito tsaf, kuma a cikinsu akwai waɗanda sai bayan kwana 4 shanyewar ta bayyana. Saboda haka in an ɗauki hoto an ce ba karaya, a gode wa Allah, amma magana ba ta ƙare ba. Na'urar MRI ce ke nuna laka.

Akwai wata illar mai tafiyar hawainiya ga yaran da suka ɗan tasa suke maimaita gantsarewa kullum: ƙashin ƙasan baya ya tsage a hankali. Wani bincike na 1976 a kan 'yan mata 100 masu wasan alkafura ya sami tsagewar a jikin 11. Yaron da ke kukan ciwon baya fiye da mako biyu, ciwon kuma na ƙaruwa in ya gantsare, likita yake buƙata, ba man zafi ba.

Kada a ji wannan a ɗaure yara a ɗaki. Ƙasar Zuru ƙasar ƙarfi ce, ta noma da kokawa da aikin soja, duk wanda ya taɓa tsayawa kallon samari a bikin Uhola ya san jikin da ba a motsa shi tun yana ƙarami ba ya kai can. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Gudu, langa, ƙwallo, tsallen igiya, 'yar gala-gala, duk a bar su su yi har su gaji. Kuma yawancin yaran da suka gantsare ba abin da ke samunsu. Sai dai ba wanda zai dubi layin yara ya nuna wanda abin zai faɗa wa, ladan wasan kuma tafi ne na minti ɗaya.

Ga malaman motsa jiki, da masu shirya yara a makarantun boko da islamiyyu da ƙungiyoyin coci: ɗan ƙasa da shekara 5 kada a sa shi ko da irin wadda ake farawa daga kwance a ɗaga ciki sama, masu koyar da wasan da yawa a Amurka nan suka ja layi. Ɗan ƙasa da 10 kada ya gantsare daga tsaye. Kada a danna cikin yaro ko a ja hannunsa zuwa diddige don ya ƙara lanƙwasuwa, kada a ƙirga masa a ce sai an kai hamsin zai tashi, kada a mai da shi horo. Yaron da aka haifa da ɗan rami, ko ƙullutu, ko tsiron gashi a ƙasan gadon baya, wataƙila lakarsa a ɗaure take daga ƙasa tun haihuwa, shi kam ko kusa. Kuma duk yaron da ya ce "Malam, bayana," ko "ƙafata ta yi nauyi," wasa ya ƙare masa a ranar, ko da gwamna ne ke zaune a rumfa.

In kuwa abin ya faru, sa'o'in farko su ne komai. A kwantar da yaron a miƙe a inda yake. Kada a ce tashi mu gani, kada a ja ƙafa, kada a yi tausa ko a gasa da ruwan zafi. Masu ɗori suna da aikinsu a karayar hannu da targaɗe, amma nan ba abin da za a ɗora, matsawa da ja kuwa ƙara kashe laka suke yi. Za a sami mai cewa iska ce ta buge shi, tunda lafiya lau ya dawo daga makaranta. A yi addu'a a cikin mota, ana tafiya. Kada a saɓa yaron a kafaɗa, kada a goya shi, kada a zaunar da shi a kan babur tsakanin mutum biyu, wanda shi ne abin da hannu zai fara kaiwa gare shi a ƙauyukanmu. A ciro ƙyauren ƙofa ko a sami faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi lokaci ɗaya, ɗaya na riƙe da kai daidai da jiki, a tare gefe da gefe da zannuwa, a sa a mota.

A nufi Babban Asibitin Zuru kai tsaye. A gaya wa likita da baki cewa gantsarewa yaron ya yi, da ƙarfe nawa, da lokacin da ya yi fitsari na ƙarshe, domin mafitsarar da ta toshe sai an sa roba an zuƙe. A tambaye shi tun a daren ko za a wuce gaba, zuwa Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Tafiya ce ta sa'o'i a hanyoyin da kowa ya san halinsu, don haka a fara neman mota da kuɗin mai tun ana duba yaron, kada a bari sai gari ya waye.