Shekara 17 ana jiran sa hannu: rigimar wa'adin izinin layukan wuta a Amurka

A shekarar 2006 wasu masu zuba jari a kudu maso yammacin Amurka suka fito da shirin kafa wani babban layin dakon wutar lantarki, suka raɗa masa suna SunZia. Zai taso daga tsakiyar jihar Niyu Meziko, inda iska ke kaɗawa ba dare ba rana, ya ratsa hamada da duwatsu tsawon kilomita kusan 885, ya sauka a jihar Arizona da wuta megawat 3,000, daga can kuma ta wuce har Kalifoniya. Ba a fara kafa turke ko ɗaya ba sai watan Satumban 2023. Shekara 17 aka kwashe, kuma mafi yawansu sun tafi ne wajen neman izini: wannan ofishi ya duba, wancan ya ce a sake hanya, a koma wa na farko ya sake dubawa. Wani layin mai suna TransWest Express, daga Wayomin zuwa Nebada, an shigar da takardunsa a 2007, shi ma sai a 2023 aka ce masa bismillah.

Layin dakon wuta dabam yake da wayoyin da ke bin lungu suna shiga gidaje. Shi ne wanda ake ɗorawa a kan dogayen turakun ƙarfe, ya ɗauko wuta mai ƙarfin gaske daga inda aka samar da ita zuwa inda jama'a suke. Matsayinsa kamar na titin da ke fitar da amfanin gona ne: ko rumbu ya cika ya tumbatsa, in babu hanyar kai wa kasuwa, mai gona da mai saye duk sun yi asara. Mu a arewacin Nijeriya mun ɗanɗana wannan a watan Oktoban 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Mando ya lalace, wanda ya rage ta wajen Binuwai shi ma ya samu matsala, jihohi da dama suka kwana da kwanaki a duhu alhali madatsun ruwa na aiki. A Amurka matsalar ta ɗauki wata siga. Zuwa ƙarshen 2023, ayyukan samar da wuta da adana ta da ke kan layin jiran a haɗa su da babbar hanyar wuta sun kai kusan megawat miliyan 2.6, fiye da duk abin da tashoshin ƙasar ke iya bayarwa a lokacin. Ba duka za a gina ba, amma ƙarancin layukan dako na cikin manyan abubuwan da suka tare ƙofa.

Me ke cin lokacin? Abu na farko, ƙofofin sun yi yawa. Bututun iskar gas da zai ratsa jihohi, hukumar tarayya guda ɗaya mai kula da makamashi, wato FERC, ita ke ba shi izinin bin hanyarsa. Layin wuta bai samu wannan gata ba. Kowace jiha da zai taka sai ta amince, wani wurin har ƙaramar hukuma, kuma jihar da layin zai wuce ta cikinta kawai ba tare da ta sha wutar ba, ba ta da dalilin gaggawa. In ya bi ta filin gwamnatin tarayya, wanda a yammacin ƙasar yake da yawa ƙwarai, sai hukumar filaye da ta gandun daji da ta namun daji da sojoji kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. SunZia ya sha wannan. Sojoji sun ƙi yarda ya matso kusa da filin gwajin makamai masu linzami na White Sands. Masu kare tsuntsaye sun damu da inda zai haye kogin Riyo Girande, domin nan ne dubban tsuntsaye dangin gauraka ke sauka lokacin sanyi. Hukumar filaye ta ba da izini a 2015, hukumar jihar Niyu Meziko ta mayar da takardun a 2018, aka sauya hanya, nazari ya koma sabo.

Abu na biyu shi ne dokar muhalli da Shugaba Nixon ya sa wa hannu ranar 1 ga Janairun 1970, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya su rubuta cikakken nazarin illar kowane babban aiki kafin su amince da shi. Doka ce mai kyau, kuma ina ganin ƙasashe da yawa sun amfana da koyi da ita. Sai dai ba ta yanka wa kowa lokaci ba. Ofishin fadar shugaban ƙasa mai lura da ita ya lissafa nazarce-nazarcen da aka kammala tsakanin 2010 da 2018, ya tarar a matsakaici kowanne yana cin shekara huɗu da rabi. Tsoron kotu ya sa ma'aikata suna ta ƙara shafi a kan shafi, don kada lauya ya ce an manta da wani abu.

Tunanin yanka wa'adi ya daɗe. Dokar makamashi ta 2005 ta ce hukumomin tarayya su gama cikin shekara guda, ta kuma ba FERC ikon karɓe ragama a wasu yankuna na musamman in jiha ta riƙe takarda fiye da shekara. Kotu ta kassara wannan iko a 2009, ta ce jihar da ta fito ƙarara ta ce a'a ba a kiran ta mai riƙe takarda. Wata kotun ta soke yankunan kansu a 2011. Sai a 2021 majalisa ta gyara lafazin.

Inda wa'adi ya yi aiki a zahiri shi ne Teksas. A 2005 majalisar jihar ta umarci a shimfiɗa layukan da za su kwaso wutar iska daga yammacinta zuwa birane irin su Dallas da Ostin. Aka gindaya wa hukumar jihar sharaɗi mai tsauri: ta yanke hukunci cikin kwana 180, in ta wuce, takardar ta zama amintacciya da kanta. Zuwa farkon 2014 an gama layuka masu tsawon kilomita kusan 5,800 a kan kuɗi kusan dala biliyan 7, kuma har yau Teksas ce kan gaba a wutar iska a ƙasar. Amma a lura, Teksas tana da hanyar wutarta ta kanta, filin tarayya a cikinta kaɗan ne, ƙofa ɗaya ake ƙwanƙwasawa. Abin da ya yiwu a can ba lallai ya yiwu ga layin da zai ratsa jihohi huɗu ba.

A watan Yunin 2023 majalisar tarayya ta taɓa tsohuwar dokar muhallin. Babban nazari ya zama shekara 2, ƙarami shekara 1. Aka ƙayyade shafuka: 150 ga babba, 300 in aikin ya yi sarƙaƙiya ƙwarai, 75 ga ƙarami. Hukuma ɗaya za ta ja ragamar sauran, kuma mai aiki yana iya zuwa kotu in an saɓa wa'adi. A watan Afrilun 2024 Ma'aikatar Makamashi ta fito da tsari na musamman ga layukan dako, wanda ya haɗa duk izinin tarayya a jadawali ɗaya na shekara 2.

Ni ina goyon bayan wa'adi, kuma dalilina shi ne jinkiri ma hukunci ne, sai dai babu wanda ya sa masa hannu. Jami'in da ya amince da aiki, in abu ya ɓaci, sunansa na kan takarda. Wanda ya ajiye fayil shekara uku babu mai tuhumarsa, alhali a cikin shekarun nan farashin ƙarfe da waya ya tashi, masu bashi sun ƙara ruwa, tsohuwar tashar kwal ta ci gaba da hayaƙi, kuma duk wannan yana komawa kan takardar kuɗin wutar talaka. Manomin da aka ce wataƙila layi zai bi ta gonarsa shi ma yana cikin jiran gawon shanu: ba ya iya sayarwa da daraja, ba ya iya gini, ba a biya shi diyya ba. Da a bar shi haka gara a ce masa eh ko a'a ya san inda ya dosa.

Sai dai akwai wurare uku da nake jin tsoro, kuma na ƙarshen ya fi damuna. Agogo yana fara bugawa ne daga ranar da hukuma ta ce takardu sun cika ko ta sanar da fara nazari, don haka hukumar da ba ta shirya ba tana iya jan ƙafa kafin wannan rana, lissafi ya yi kyau a takarda, shekarun kuma suna nan yadda suke. Sannan wa'adi ba ya ɗaukar ma'aikaci. In masana tsirrai da na kayan tarihi biyu ne a ofishin da ke da ayyuka goma, ko dai su saɓa lokaci, ko su yi aikin gaggawa da kotu za ta rushe daga baya.

Na ukun shi ne mutanen da layi zai bi ta kansu. Tsarin Teksas na cewa shiru amincewa ne bai kwanta mini ba in ana maganar ƙasar kakannin wasu. Wa'adi ya kamata ya tilasta wa hukuma ta ba da amsa, amsar kuma tana iya zama a'a. Abin da na fi yabawa a tsarin 2024 shi ne ya wajabta wa kamfani ya tsara yadda zai zauna da al'ummomi da ƙabilun asali tun kafin agogo ya fara, lokacin da sauya hanya bai wuce goge layi a taswira ba. SunZia ya nuna cewa tsawon lokaci kaɗai ba ya wadatar da wannan. Bayan duk shekarun nan 17, a watan Janairun 2024 ƙabilun Tohono O'odham da San Carlos Apache suka shigar da ƙara, suna cewa hukumar filaye ba ta tantance wurarensu na tarihi da na ibada a kwarin San Pedro, inda layin ya bi, yadda doka ta tanada ba. Alƙalin farko ya kori ƙarar, ya ce sun makara. A watan Mayun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba su makara ba, ta mayar da shari'ar a saurare ta, a lokacin da aikin ginin ya riga ya yi nisa ƙwarai.