Babi na Tara: Yadda Ɗalibi Zai Binciki Tarihin Garinsu

Idan malamin tarihi a koleji ko lise ya ce kowane ɗalibi ya zaɓi abin da zai bincika, yawancin yara sai su kinkimo kayan da ya fi ƙarfinsu. Wannan ya ce tarihin Adar, wancan ya ce zuwan Nasara. Tarihin Adar kuwa littafi guda Farfesa Djibo Hamani ya yi a kansa a 1975, ya bi diddigin yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya kafa mulki a ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17. Yaron da ke da wata biyu da kaye ɗaya ba zai iya wannan ba. Ƙarshenta ya kwafo shafi uku ya sa sunansa a sama, malam ya ba shi maki, alhali bai gano komai ba.

Tambayar da ta dace da ɗalibi ita ce wadda ƙafarsa za ta iya kai shi wurin amsarta. Ɗan Buza yana da jerin itatuwan dogon yaro na kwarin Majiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE don tare iska: gonar wa suka ratsa, kuma wa ke da ikon sassabe su? Ɗan Madawa zai iya tambayar yaushe albasa ta zama abin dogaro a fadamar garinsu, ko yadda Buzayen Kel Geres na Galma da Arzarori suke ma'amala da Gobirawa maƙwabtansu. Mu a nan za mu ɗauki misalin Keita mu bi shi har ƙarshe.

A 1984, shekarar da fari ya sake yi wa Nijar mugun kamu, aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa wanda kowa ya sani da Furojen Keita. Italiya ce ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikin, hukumar PAM kuma ta kawo abincin da ake biyan ma'aikata da shi. An jera duwatsu a kan fako don tsayar da ruwa, an haƙa ramuka a jikin tsaunuka, an gina madatsai a ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa. Mata ne suka fi yawa a fagen aikin, don maza da dama sun tafi ci-rani.

To, "Mene ne Furojen Keita?" ba tambayar bincike ba ce, domin amsarta tana kwance a rahoto. Amma in ɗalibi ya ce, "Me aikin ɗaukar dutse ya canza wa matan ƙauyenmu tsakanin 1984 da 1991?" ya sami wuri, ya sami lokaci, ya kuma sami abin da mutum biyu za su iya saɓawa a kansa. Inda babu saɓani, babu abin bincika.

Tsarin lokaci ba ya bukatar dogon bayani. In wata biyu ne, mako biyu karatu, uku yawon tambaya, biyu rubutu, a bar guda don abin da zai ɓaci, kuma wani abu zai ɓaci. Karatu ake fara yi, don kada ka je ka ɓata wa dattijo yininsa da tambayar da takarda ta riga ta amsa.

Manyan rumbunan takardu suna Yamai: gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa, da cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni. Sun yi wa ɗan koleji nisa. Abin da ke kusa shi ne meri, da ofishin gandun daji, da tsohuwar rajistar makarantar garin, da rahotannin da za a iya buɗewa a waya in akwai intanet. Kowace takarda ta shigo hannunka, yi mata tambayoyin da ake yi wa baƙo: daga ina, wa ya aiko ka, wurin wa za ka? Rahoton furoje an rubuta shi ne don mai ba da kuɗi ya gani. Zai gaya maka eka nawa aka gyara da itace nawa aka dasa, wannan kuwa ilimi ne mai amfani. Da wuya ya gaya maka nawa suka mutu a rani na biyu, ko wa ya karɓi gonar bayan fako ya zama ƙasar noma.

Wannan sai a bakin mutane, kuma nan ne aikin yake. Ba a faɗa wa tsoho da biro a hannu kamar ɗan sanda. A fara da mai gari, a gaida shi, a faɗi ɗan wane ne kai da abin da ya kawo ka. A riƙe ɗan goro. A zaɓi lokaci: ba ranar kasuwa ba, ba kuma sa'ar da mata ke daka ba. Kafin ka kunna waya ka ɗauki murya, nemi izini da baki: "Inna, kin yarda in ɗauki maganarki don kada in manta?" In ta ce a'a, kaye ya wadatar.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne tambayar, "A wace shekara?" Tsohuwar da ba ta shiga lakol ba ba ta ƙirga shekaru da lamba, amma ba ta ɓata lissafi. Kalandarta abubuwan da suka faru ne, aikinka shi ne ka san lambar kowanne. Yunwar da ake kira 'Yar Buhari ita ce ta 1984, an laƙaba mata sunan ne don a watan Afrilun shekarar Janar Buhari ya rufe iyakokin Najeriya, hatsi ya daina shigowa yadda aka saba. Seyni Kunce ya karɓi mulki a Afrilun 1974, ya rasu a Nuwamban 1987. Taron ƙasa 1991 ne, karyewar darajar sefa kuwa Janairun 1994. Don haka sai ka ce, "Inna, lokacin da kika fara zuwa aikin, Kunce yana da rai?" Ko, "Wa kike goyo a lokacin?" Takardar haihuwar wannan ɗan na iya ba ka shekarar, sai dai a lura, da yawa daga irin takardun nan an yi su ne daga baya da kintace. Mai binciken abin da ya fi haka nisa zai ji an ambaci Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, da zamanin aikin dole, wanda Faransa ta soke a 1946. Yau babu wanda zai ce ya ga Kakalaba da idonsa.

Shi ya sa kowace magana sai ka san ganau ne ya faɗe ta ko jiyau. Rubuta hakan a gefen shafi tun kana wurin. Ka kuma sani mace ba za ta faɗi a zauren mai gari abin da za ta faɗa a tsakar gidanta ba. In kai namiji ne, tafi da ƙanwarka ko wata 'yar ajinku. Makaɗan fada sun riƙe jerin sarakuna da kyau, amma ba su yi wa ubangidansu waƙar ranar da aka kore shi. In mai ba da labarin da Tamajak ya fi sakewa, nemi tafinta, ka kuma ambata a rubutunka cewa ta bakin tafinta ka ji.

Za ka tarar mutum biyar sun ba ka labari uku. Wata ta ce abincin furoje ne ya hana su watsewa, wata ta ce wahalar ta fi ladan. Kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi ka binne sauran. Duba ko saɓanin yana da dalili: mai gona ce ko marar gona, mijinta yana gida ko yana Abijan? Sau da yawa amsar tambayarka a cikin wannan bambancin take ɓoye.

Sa'an nan ka taka ka je fakon da kanka. Ƙirga layukan dutse nawa ke tsaye, nawa ruwa ya fasa, me ke tsiro a bayansu. Ɗauki hoto, ka rubuta ranar. Ƙasa ba ta karɓi goron kowa ba.

Rubutun kansa, in an yi wancan aikin, ba ya wuya. Faɗi tambayarka a farko, da wurin, da shekarun, da mutum nawa ka yi hira da su. Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya da shaidarta, mai karatu ya iya rarrabe abin da takarda ta ce, da abin da Inna ta ce, da abin da kai ka fahimta. Gabatarwa a ƙarshe ake rubuta ta, don sai ka gama kake sanin abin da ka gano. Da Faransanci makaranta za ta so aikin, amma kalmomin masu labari irin su fako da gayya da ci-rani ka bar su yadda aka faɗe su, ka yi bayani a gaba. Maganar da ta shafi rikicin gona kada ka liƙa mata sunan kowa. Kai za ka karɓi maki ka wuce, su kuwa a garin za su kwana. Inda shaidarka ta tsaya, tsaya. Hira da mata takwas na ƙauye ɗaya ba ta ba ka ikon yanke hukunci a kan Adar duka ba.

In malam ya duba ya maido maka, koma wurin waɗanda suka ba ka labarin ka karanta musu da Hausa, ka gyara abin da suka ce ba haka suka faɗa ba. Macen da ta ɗauki dutse a 1984 tana da shekara 25, yau ta haura 65. In za ka je wurinta, je ka bana.