Ina ɗan Sabon Garin Maradi zai tsayar da ɗan takara ya yi masa tambaya?

A Amurka ba abin mamaki ba ne majami'a ta jera kujeru, ta gayyaci masu neman kujerar magajin gari, a ba kowa 'yan mintoci ya amsa tambayoyin mutanen unguwa. Sharaɗi ɗaya ne: tun 1954 dokar haraji ta hana majami'un da aka yafe wa haraji nuna ɗan takararsu. Fasto ya ba da zaure, amma ba zai ɗaga hannun kowa ba.

A Maradi lamarin ba haka yake ba, kuma ba don Kiristoci baƙi ne ba. Mishan ɗin SIM ya zauna a Tsibiri tun kafin 1930, asibitin kutare na Danja aikinsa ne, majami'ar EERN daga gare shi ta fito, Katolika kuma sun sami bishop na Maradi a 2001. Sai dai wanda aka ƙona wa ɗakin ibada a Nuwamba 2000, lokacin boren adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, aka sake ƙona wani a unguwar Zariya a Yuni 2019, ba za a ga laifinsa ba in ya yi nesa da hayaniyar kamfe. Tsarin mulkin ƙasar na 2010 ma, kafin a dakatar da shi a 2023, ya raba addini da gwamnati, ya hana kafa jam'iyya bisa addini.

Akwai kuma wani cikas da bai shafi addini ba. Ranar 13 ga Disamba 2020, da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshe, mai ƙuri'a a Sabon Gari, da na Tsibiri, da manomin Jiratawa, jerin sunayen jam'iyya suka dangwala wa, ba mutum ɗaya ba. Kansilolin da suka ci su ne suka zauna daga baya suka fid da magajin gari a tsakaninsu. To, wa za ka tsare da tambaya kan kwatar da ta toshe, ko jibjin da ya cinye rabin hanya, ko kuɗin tikitin kasuwa? Abin da aka saba gani shi ne rumfa, da lasifika, da maroƙa, da zannuwa masu hoton ɗan takara. Shi ke magana, jama'a na tafi. Ko a fadar samari, in ya biya, sukari da shayi yake ajiyewa ya wuce.

A ganina wurin taron ba shi ne matsala ba. Filin makaranta ya isa, in limami da fasto da mai unguwa suka kira tare, don kada wani ya ce taron wasu ne.

Yanzu dai babu wanda za a gayyata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Janar Abdurahamane Tiani ya rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024 ya naɗa kantomomi, a Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Kantoma ga wanda ya naɗa shi yake ba da bahasi.