Zauren Ƙwaƙwalwa: Yadda Sauti Ke Neman Iso Kafin Mu Ji Shi

Duk wanda ya taɓa sauka bakin ruwa a Yelwa ranar kasuwa ya san hayaniyar wurin. Injinan jiragen ruwa na ruri, 'yan dako na neman hanya, masu bandar kifi na ciniki da ƙarfin murya. Amma da zarar wani ya ambaci sunanka, sai ka waiwaya. Kunne bai tace komai ba, duk ƙarar ya kwasa. A cikin kai aka yi zaɓen, kuma ɗaya daga cikin masu hannu a ciki shi ne sashen da likitoci ke kira talamus.

Guda biyu ne, dama da hagu, a tsakiyar ƙwaƙwalwa, kowanne kamar girman goro. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa ɗakin ciki, amma a ganina zaure ya fi dacewa da aikinsa. Sauti kan girgiza dodon kunne, wani ɗan bututu mai nannaɗe kamar katantanwa ya mayar da girgizar saƙon jijiya, saƙon ya ratsa gindin ƙwaƙwalwa, sannan ya tsaya a wannan zaure kafin a shigar da shi ɓawon ƙwaƙwalwa da ke saitin kunne, inda ake gane magana. Gani da taɓi da ɗanɗano duk ta nan suke bi, kowanne da shimfiɗarsa. Ƙanshi kaɗai ke da ƙofar baya.

Maigida ma yana aike zauren. Jijiyoyin da ke saukowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa zuwa talamus sun fi waɗanda ke hawa yawa, kuma ta haka ake umurtarsa ya ɗaga muryar abokin ciniki, ya danne rurin inji.

Idan barci ya zo, sai a sakaya ƙofa. A 2010 masu bincike na Harvard a Amurka suka gano cewa mutanen da talamus ɗinsu ya fi yawan fitar da wasu gajerun igiyoyin lantarki cikin barci sun fi jure hayaniya ba su farka ba. Nauyin barci, ashe, ba lallai lalaci ba ne.

Haɗarin shi ne ƙofar takan rufe da kanta a jikin wanda ya gaji, ko da idonsa biyu. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna aikin talamus na raguwa a lokacin gyangyaɗin daƙiƙoƙi kaɗan, wanda sau da yawa mai yinsa bai ma san ya yi ba. Tafkin Kainji kuwa, tun da madatsar ta cika shi a 1968, yana ɓoye da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Direban jirgin da ya taso daga Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, ko daga ƙauyukan Shanga, bayan ya kwana bai runtsa ba, zai iya kasancewa riƙe da inji alhali ihun yaronsa daga goshin jirgi na tsaye a zaure, ba a yi masa iso ba. Goro da shayi kan jinkirta wannan gyangyaɗi na ɗan lokaci, amma ba sa biyan bashin barcin. Fasinjan da ya ga kan direba na sunkuyawa yana da haƙƙin ya ce a tsaya a gaɓa.