Siririyar robar da ake zuƙe ruwa ko iska daga ƙirji

Tsakanin huhu da haƙarƙari akwai tantani biyu manne da juna, ɗan danshi ne kawai a tsakaninsu. Idan iska ko ruwa ko jini ko mugunya ta shiga wannan tsakani, sai ta danne huhu, numfashi ya yi sama-sama, gefe ɗaya na ƙirji ya riƙa suka. A Duwala tarin fuka na cikin manyan abubuwan da ke tara ruwa a nan, sai ciwon huhu da ciwon zuciya da daji. Iska da jini kuwa sau da yawa karayar haƙarƙari ce ke jawo su, abin da masu hawa baburan haya (benskin) daga New Bell zuwa Logbaba suka san zafinsa.

Da, roba mai kauri wajen santimita 1 ake sakawa don fitar da su, bayan an tsaga fata. Yanzu likita kan zaɓi siririya, milimita 3 zuwa 5. Zai duba da na'urar sikanin, ya yi allurar kashe zafi ƙasa da hammata, ya soka allura tsakanin haƙarƙari biyu, ya zura siririyar waya ta cikinta, robar ta bi wayar ta shige. Dabarar wani likitan Suwidin ce, Seldinger, tun 1953. Zafinta kaɗan ne, tabon ma ƙarami.

Wasu dangi kan ga ƙanƙantarta su ce an raina ciwon. Ba haka ba ne. Iska da ruwa mara kauri tana fitar da su sarai. Daskararren jini da mugunya mai kauri ne ke iya toshe ta, shi ya sa ma'aikatan jinya ke wanke cikinta da ruwan gishirin asibiti, wani lokaci kuma dole a koma babbar.

Inda na fi damuwa shi ne kwalbar da ake haɗa robar da ita, don mai jinya ne ke kwana da ita. Bakin robar yana nutse cikin ruwa a kwalbar, iska ta fita, ba ta komawa. Kada a ɗaga kwalbar sama da ƙirjin majinyaci, ko da za shi bayan gida, abin da ya fita zai koma ciki. Kada a lanƙwasa robar, kada a zubar da ruwan. In robar ta zame ta fita, a danne wurin da tsumma mai tsabta a kira ma'aikaci nan take. Kuma in likita ya tsayar da zuƙa bayan kamar lita 1 da rabi, da gangan ne, huhun da ya daɗe a danne ba ya son buɗewa farat ɗaya.

Ƙahon wanzami ba ya kaiwa wannan zurfin. Mai suka a ƙirji da haki ya fara da asibitin gundumar Logbaba ko na New Bell a yi masa hoton ƙirji, in da buƙata su tura shi asibitin Laquintinie. A nemi a gwada ruwan da aka zuƙe, domin in tarin fuka ne, sai an sha magani na aƙalla wata 6.