Daga Nima zuwa Guangzhou: abin da Musulmi zai sani kafin ya sauka ƙasar Sin

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, yanzu da wuya a zaga Nima ko Mamobi ba a sami gidan da wani nasa ke zuwa ƙasar Sin ba. Wannan ya tafi Guangzhou sarin wayoyi da atamfa, wancan yana Yiwu yana haɗa ƙananan kaya, wani kuma karatu ya kai shi. Sau da yawa matafiyan nan sukan tare ni bayan salla a Kanda da tambayoyi, shi ya sa na tara amsoshin wuri guda.

A zango jama'a ce ke ɗaukar maka rabin nauyin addininka. Ladani ya tashe ka, mahauci ya yanka maka halal, mihrabi ya nuna maka alƙibla. A can duk waɗannan a wuyanka suke, kuma wanda bai shirya tun daga gida ba zai wahala.

Mu fara da salla. Mu nan mun saba cewa "fuskanci gabas", har gabas ta zama sunan alƙibla a bakinmu. To a ƙasar Sin Makka tana yamma. Daga Guangzhou mutum zai fuskanci yamma ne, ya ɗan karkata arewa kaɗan. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa 8, wato muna sallar asuba a Ankara su suna shirin azahar. Ba za ka ji kiran salla a titi ba, don haka ka sa jadawalin garin da kake a wayarka. Ka riƙa yawo da 'yar gorar ruwa, domin yawancin makewayin kasuwa ba a ajiye buta.

Game da ƙasaru, a mazhabar Malikiyya matafiyi yana rage salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari sai ya cika. Ɗan kasuwar da ya san mako biyu zai yi a Guangzhou, cikawa zai yi tun daga isarsa. Azumi da Idi kuwa, yana bin Musulmin garin da yake.

Juma'a ranar aiki ce a can, sai ka tsara ganawarka da masu masana'anta yadda ba za ta ci lokacin ba. Guangzhou tana da tsofaffin masallatai. Akwai Huaisheng mai doguwar hasumiya, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar, akwai kuma Xianxian kusa da lambun Yuexiu, inda baƙi suka fi taruwa ranar Juma'a. A Xianxian za a nuna maka wani kabari a ce na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, Allah Ya yarda da shi. Haka mutanen wurin suka gada, amma abin da malaman tarihi suka tabbatar shi ne a Aƙiƙ ya rasu, kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Ka riƙe wannan a ranka, ba sai ka yi gardama da masu masaukinka ba. Dokar ƙasar kuma ba ta yarda baƙo ya yi wa'azi ko ya raba littattafan addini ba tare da izini ba.

Sai abinci, inda aka fi samun matsala. Naman alade shi ne naman da aka fi ci a ƙasar, ana soya ganye da kitsensa, ana kuma zuba giyar girki a miya. Saboda haka cewa "kayan lambu kawai zan ci" ba ya wadatarwa. Kaza da saniya ma, in ba Musulmi ko ma'abocin Littafi ne ya yanka ba, ba su halatta. Ka haddace waɗannan haruffa biyu: 清真. Ana furta su kamar "cin-jan", su ne alamar halal, kuma sanin su ya zama dole domin a shekarun nan an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna da yawa. Kusan kowane gari akwai shagunan taliyar Lanzhou da naman sa, waɗanda galibi Musulmi 'yan ƙabilar Hui ke riƙe da su. A unguwar Xiaobei ta Guangzhou, inda 'yan Afirka suka fi sauka, abincin halal ba ya wuya. In ka rasa, ga kifi da dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace.

Biza alƙawari ce tsakaninka da ƙasar da ta karɓe ka, kuma Musulmi ba ya saɓa alƙawari. Wanda ya sauka otal, otal ɗin zai yi masa rajista. Wanda ya sauka gidan ɗan'uwa, dole ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta sa tarar yuan 500 kan kowace ranar da mutum ya ƙara bayan ƙarewar bizarsa, har zuwa yuan 10,000, ko tsarewar kwana 5 zuwa 15. Ɗalibi kuma ba ya aikin kuɗi sai da izini. Kada ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko na wa ne, domin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a can yana kaiwa ga kisa.

Harkar kuɗi kusan duk ta waya ce, da WeChat ko Alipay, kamar MoMo ɗinmu amma ta fi shi shiga ko'ina. Tun 2023 ana iya haɗa su da katin banki na waje. WhatsApp da Facebook da Google a toshe suke, sai ka buɗe wa iyalinka WeChat kafin ka tashi, kada zumunci ya yanke. Wajen canjin sidi ko dala zuwa yuan, shari'a ta sharɗanta a bayar a karɓa nan take, ba bashi a tsakani. Ka bi halastacciyar hanya, domin ana rufe asusun da kuɗin canjin bayan fage suka shiga.

Ka kuma zaɓi lokacin tafiya. A bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu na rufewa na makonni. Lokacin baje kolin Canton, wanda ake yi tun 1957, a Afrilu da Oktoba, kuɗin otal na tashi. Mai zuwa Yiwu ko Bejin da hunturu ya tanadi rigunan sanyi na gaske, ba irin na harmatan ɗinmu ba.

A ƙarshe, ka rubuta kowane ciniki da kowane bashi, ka bar wa iyalinka bayanin dukiyar mutane da ke hannunka. Sinawa da yawa ta wurin cinikinka kaɗai za su san Musulunci, in ka cika alƙawari ko ka saɓa.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya sanya albarka a nemansu. Wallahu a'alam.