Jinkirin Miƙa Wanda Ake Tuhuma da Ta'addanci: Shari'ar Abu Ƙatada a Ma'aunin Fiƙihu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba shari'ar Abu Ƙatada, wanda gwamnatin Birtaniya ta shafe shekara takwas tana neman mayar da shi Jodan, da kuma fushin da jinkirin ya haifar. Ta auna lamarin da abin da sira da fiƙihu suka tanada game da miƙa mai neman mafaka, da iƙirarin wanda aka tilasta, da tsarewa bisa tuhuma. Ta gano cewa jinkiri iri biyu ne: na tabbatar da hujja, wanda wajibi ne, da na jan ƙafa, wanda zalunci ne.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya yi umarni da adalci. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ranar 7 ga Yuli 2013 wani jirgi ya tashi daga sansanin sojan sama na Northolt da ke yammacin Landan zuwa Amman, ɗauke da Umar Mahmud Usman, wanda aka fi sani da Abu Ƙatada al-Filasɗini. Da tashinsa aka rufe ɗaya daga cikin shari'o'in da suka fi tunzura jama'ar Birtaniya. Tambayar da mutane suka riƙa yi ita ce: yaya za a yi hukuma ta ce mutum barazana ne ga rayuka, amma kotu ta hana a fitar da shi shekara da shekaru? Tambayar ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin fiƙihu, domin malamanmu sun tattauna tushenta a babin alƙalanci tun ƙarnonin farko.

2.0 Yadda Shari'ar ta Gudana

An haifi Abu Ƙatada a Baitalami a 1960, yana riƙe da shaidar zama ɗan ƙasar Jodan. Ya shiga Birtaniya a 1993, aka ba shi mafaka a 1994. A 1999 da 2000 kotun tsaron ƙasa ta Jodan ta same shi da laifi, ba tare da yana wurin ba, a shari'o'i biyu na shirya kai hare-hare. An tsare shi a Birtaniya a Oktoba 2002 ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci, amma ba a taɓa gurfanar da shi kan wani laifi a can ba. A ƙa'idar doka, korarsa aka nema bisa dalilin tsaro, sai dai tun da shari'a na jiransa a Amman, korar ta zama miƙawa a ma'ana.

A Agusta 2005 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar fahimta, Jodan ta yi alkawarin ba za a azabtar da shi ba. Daga nan aka shiga safa da marwa tsakanin kotuna. A 2007 kotun musamman mai sauraron ƙararrakin shige da fice da suka shafi tsaro ta yarda a kore shi. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci. A Fabrairu 2009 alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka sake ba gwamnati gaskiya.

Sai kuma ranar 17 ga Janairu 2012, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta yanke hukuncin da ya sauya al'amarin. Ta amince da lamunin da Jodan ta bayar game da jikinsa. Abin da ta tsaya a kai shi ne hujjar da za a yi masa shari'a da ita, wato maganganun wasu mutum biyu da aka tuhume su tare da shi, waɗanda akwai zato mai ƙarfi cewa da azaba aka tatso su. Kotun ta ga cewa shari'ar da aka gina kan irin wannan hujja tauye adalci ne ƙarara, kuma ta saɓa wa sashe na 6 na yarjejeniyar Turai.

Gwamnati ta ci gaba da fafatawa a kotunan cikin gida, ta sha kaye a Nuwamba 2012 da kuma Maris 2013. A Afrilu 2013 sakatariyar harkokin cikin gida, Theresa May, ta sanar da majalisa cewa an ƙulla sabuwar yarjejeniya da Jodan wadda ta hana amfani da hujjar azaba a irin wannan shari'a. Abu Ƙatada ya ce ta bakin lauyansa zai koma da kansa in aka tabbatar da ita, haka kuwa aka yi. A Yuni da Satumba 2014 kotun Jodan ta wanke shi daga tuhumomin biyu saboda rashin isasshiyar hujja.

3.0 Fushin Jama'a

Ba daidai ba ne a raina fushin mutane. An kashe mutum 52 a hare-haren Landan na 7 ga Yuli 2005, wata ɗaya kafin a fara yunƙurin korar tasa. Kuɗin shari'ar, bisa lissafin gwamnati, ya haura fam miliyan 1.7 daga baitulmali. Firaminista David Cameron da kansa ya fito ya ce ya gaji da ganin mutumin a ƙasar. Shi ma Abu Ƙatada ba a san shi da sassauci ba: a 1995 ya fitar da fatawa da ta halatta kashe mata da 'ya'yan waɗanda ya kira masu ridda a Aljeriya, fatawar da ta ci karo da hanin da ya tabbata daga Manzon Allah (SAW) game da kashe mata da yara ko a fagen yaƙi. Musulunci ya tsananta uƙubar masu tada hankalin bayin Allah, kamar yadda ayar hiraba ta nuna a Suratul Ma'ida, aya ta 33.

To amma a cikin wannan sura, aya ta 8, Allah ya gargaɗi muminai kada ƙin wasu mutane ya kai su ga barin adalci. Munin aƙidar mutum abu ne guda, tabbatar da cewa ya aikata wani laifi takamaimai wani abu ne daban. Alƙali da na biyun yake hukunci.

4.0 Miƙa Mai Neman Mafaka a Sira

Bayan hijirar Musulmi zuwa Habasha, Kuraishawa sun aika Amru bin al-As da Abdullahi bin Abi Rabi'a da kyaututtuka ga Najjashi da fadawansa. Buƙatarsu ita ce a miƙa musu masu hijirar ba tare da an ji ta bakinsu ba. Sarki ya ƙi, ya sa aka kira su, Ja'afaru bin Abi Ɗalib (RA) ya yi bayani. Washegari Amru ya koma da wata tuhumar game da Annabi Isa (AS), aka sake saurarensu, aka sallami jakadun da kyaututtukansu. Ba ana kamanta Abu Ƙatada da waɗancan zaɓaɓɓu ba ne. Hanyar da sarkin ya bi ita ce abin lura. Ya saurari ɓangarori biyu, kuma ya yanke magana cikin kwanaki.

A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya karɓi sharaɗin mayar da wanda ya gudo daga Makka. Ya mayar da Abu Jandal, sannan ya miƙa Abu Basir ga waɗanda aka aiko nemansa, duk da zafin da hakan ya yi wa sahabbai. Daga baya aya ta 10 ta Suratul Mumtahana ta hana mayar da mata muminai bayan an jarraba su. Malamai sun yi saɓani kan wanzuwar wannan sharaɗi game da maza: Hanafawa na ganin an shafe shi, Shafi'awa kuwa sun halatta shi idan wanda za a mayar yana da dangin da za su kare shi. A nan akwai asali biyu: cika alkawarin da ke tsakanin hukumomi, da duba abin da zai sami mutum bayan an miƙa shi. Lamunin da Birtaniya ta nema daga Jodan yana kama da abin da Shafi'awa suka lura da shi.

5.0 Iƙirarin Wanda Aka Tilasta

Nan ne zuciyar mas'alar. Jamhurin malamai sun tafi a kan cewa iƙirarin wanda aka tilasta ba ya tabbatar da hukunci. Idan aya ta 106 ta Suratun Nahli ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta ya furta kalmar kafirci alhali zuciyarsa na natse da imani, to furucin da bai kai wannan ba ya fi cancantar a yi watsi da shi. Abu Yusuf (ya rasu 182 H) ya kawo a Kitabul Kharaj maganar Umar (RA) mai nuna cewa ba a dogara da abin da mutum ya faɗa a kan kansa idan an sa masa yunwa, ko tsoro, ko ɗauri. A Mudawwana ma an ruwaito daga Imam Malik cewa wanda ya amsa laifi bayan barazana ba a riƙe shi da amsawar.

Amanar ilimi ta wajabta a ambaci ɗaya ra'ayin. An jingina wa Sahnun (240 H) karɓar iƙirarin wanda ya shahara da ɓarna ko da a tsare ya yi shi, kuma Ibn Asim (829 H) ya tafi a kan haka a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da shi. Ibnul Ƙayyim (751 H) ya kasa waɗanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da kirki, da wanda ba a san halinsa ba, da wanda ya shahara da fajirci, ya kuma halatta matsa wa na ukun. Imam al-Gazali (505 H) ya ƙi wannan a al-Mustasfa. Hujjarsa ita ce maslahar gano gaskiya tana karo da wata maslaha, wato ta wanda ake duka alhali mai yiwuwa ba shi da laifi, kuma barin mai laifi ba a doke shi ba ya fi sauƙi a kan dukan barrantacce.

Ko da an ɗauki ra'ayin Sahnun, ba zai yi aiki a wannan shari'a ba. Iƙirari hujja ce taƙaitacciya, tana tsayawa a kan mai yinsa, ba ta ƙetarawa zuwa waninsa. Abin da mutanen nan biyu suka faɗa game da Abu Ƙatada shaida ce a kan wani, ita kuwa shaida tana buƙatar adalcin mai bayarwa da kuɓutarsa daga tuhuma. Wanda ke magana don bulala ta tsaya yana tunkuɗe wa kansa cuta ne da maganar, saboda haka ba a karɓar shaidarsa. A wannan gaɓa, abin da alƙalan Strasbourg suka isa gare shi a 2012 ya dace da abin da ke rubuce a littattafanmu.

6.0 Iyakar Jinkiri

Wannan bai wanke shekara takwas ba. A wasiƙar alƙalanci da Umar (RA) ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari, ya umarce shi ya yanka wa mai da'awar hujjar da ba ta halarto ba wa'adi, in ya kawo ta a ba shi haƙƙinsa, in ya kasa a yanke hukunci. Al-Mawardi (450 H) ya kawo a al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa az-Zubairi, ɗaya daga malaman Shafi'iyya, ya iyakance tsarewa don bincike da wata ɗaya, wasu kuma suka bar ƙaddarawar ga ijtihadin shugaba. Abu Yusuf ya shawarci Haruna ar-Rashid ya sa gwamnoninsa su riƙa duba lamarin fursunoni a kai a kai.

To daga ina jinkirin ya fito? Kotun ɗaukaka ƙara ta nuna illar hujjar tun 2008. Aka shafe shekara biyar ana jayayya kan ko za a iya kau da kai daga illar. Da aka juya aka gyara ta da yarjejeniya, mutumin ya bar ƙasar cikin wata uku da sanar da ita. Ashe ƙa'idar da jama'a ke zargi ba ita ta ci lokacin ba. Wankin wanke hujja da aka ce ya ƙi, rashin soma shi ne ya kai hula dare.

Irin wannan ya faru a gida. Bayan harin tashar mota ta Nyanya a Afrilu 2014, Sudan ta miƙa wa Nijeriya wani da ake zargi a watan Yuli, bayan makonni na ƙorafin jama'a. A Nuwamba babbar kotun tarayya a Abuja ta yi watsi da tuhumar farko saboda masu gabatar da ƙara ba su bi ta da himma ba, sai da aka sake shigar da ita. Isowar jirgi ba ita ce isowar adalci ba.

7.0 Kammalawa

An ruwaito a Tirmizi, marfu'i da mauƙufi, kuma mauƙufin ya fi inganci, cewa kuskuren shugaba wajen afuwa ya fi kuskurensa wajen uƙuba. Wannan shi ne ma'aunin jinkirin tabbatarwa. Jinkirin jan ƙafa kuwa yana cutar da kowa: iyalan waɗanda aka kashe suna jira, wanda ake tuhuma yana tsare ba hukunci, amincewar mutane da kotu tana zaizayewa, masu tsattsauran ra'ayi kuma suna samun abin kafa hujja. Aikin malami da ɗalibi idan jama'a ta harzuƙa shi ne su rarrabe mata waɗannan biyun. Su nemi hukumomi su tsabtace hanyar bincike tun daga ɗakin tambayoyi, su ƙulla yarjejeniyoyin miƙa masu laifi tun kafin buƙata ta taso, su kuma yanka wa kowane mataki wa'adi. Kada su yarda a yi amfani da fushi, komai gaskiyarsa, wajen halatta hujjar da bulala ta haifa.

Allah ne mafi sani.